Takarda mai sunan mutum: yadda ake buga wa kowane abokin ciniki tasa daga littafin shago

Wata safiya cikin hunturu kawuna ya shigo shagona na buga takardu a yankin Kura, riƙe da ƙunshin ƙosai. Ko sallamar kirki bai ƙarasa ba ya dangwarar da shi kan tebur, ya ce, "Ɗan nan, buɗe ka gani." Na warware. Takardar tallar shagonsa ce ta kayan noma, wadda na buga masa guda dubu mako biyu kafin nan. Mai ya jiƙe sunan shagon, yaji ya rufe lambar wayar. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ai ko ba komai ta shiga hannun jama'a." Ya ce hannun mai ƙosai dai.

Laifin ba na bugu ba ne. Takarda ɗaya muka yi wa kowa: mai shinkafa, mai tumatir, mai alkama, har da wanda rabonsa da gona tun yana saurayi. Babu wanda ya karanta ya ga kansa a ciki. Amma ka lura da katin ɗaurin aure da aka rubuta sunan mutum a bayansa. Wannan a aljihun gaba yake kwana, ko a saƙale shi a jikin kalanda. Tunanin da ya kai mu ga aikin da zan bayyana ke nan: kwamfuta ta ɗauki jerin abokan ciniki, ta buga wa kowa takardarsa, da sunansa, da ƙauyensa, da maganar da ta shafi abin da yake nomawa. A manhajar Word sunan abin Mail Merge, a CorelDRAW kuma Print Merge. Da shagon kayan noma zan yi misali, amma tela, mai injin casa da mai makarantar kuɗi duk hanyar ɗaya ce.

Mataki na farko: fitar da jeri daga littafi

Kusan duk wahalar aikin a nan take, kuma nan ne masu gaggawa suke tsallakewa. Kowane shago da ya kwana biyu yana da littafin ciniki da na bashi, ga kuma lambobin da ke cikin wayar mai shago. Ka samu rana biyu ko uku ka zauna da yaron shago, domin shi ya san fuskoki. Buɗe Excel, ka ware wa kowane mutum layi ɗaya tak. Layin sama na sunayen ginshiƙai ne: Lamba, Lakabi, Suna, Inkiya, Kauye, Waya, Noma, Lokaci, SayenKarshe, Rubutu, Yarda, Sako. Lamba a nan ta kati ce, kowane mutum da tasa, ba ta waya ba. Da gangan na rubuta sunayen ba lanƙwasa ba tazara, don kada su ba da matsala wajen haɗawa. A cikin jerin kansa kuwa, rubuta ƙ, ɗ da ɓ yadda suke. Kada ka bar layi fanko a tsakiya, kada ka haɗe gidaje biyu su zama ɗaya don ado.

Ginshiƙin Waya yana da tarko. Lambar waya a Najeriya lambobi 11 ce, kuma da sifili take farawa. Excel yana ɗaukar ta a matsayin lissafi, sai ya haɗiye sifilin. Kafin ka rubuta ko ɗaya, zaɓi ginshiƙin gaba ɗaya ka mayar da shi Text. Haka za ka yi wa kwanan wata, in ba haka ba Word zai juye maka shi irin na Amurka, wata kafin rana.

Sai maganar suna, wadda ta fi komai nauyi. A ƙauye guda za ka iske Sani huɗu, Garba biyar, kuma ba wanda ya san sunan mahaifinsu sai ranar rabon gado. Da inkiya ake gane su: mai injin ban-ruwa, na bakin kasuwa, ɗan gidan liman. Saboda haka ginshiƙin Inkiya na mai rabon takarda ne. Ka tantance wadda za a iya bugawa da wadda ba za a buga ba, don akwai inkiyar da ake kiran mutum da ita a bayan idonsa kawai. Laƙabi kuma a bi shi da hankali. Wanda ya sauke farali bara, in ka rubuta masa Malam bana, ya riga ya karanta raini kafin ya kai ga maganar taki. Alaramma, Liman, Sarkin Noma, Mai Unguwa, Dagaci, Hajiya, Malama, kowa a ba shi nasa. Wanda yake rubuta sunansa Mamman kada ka gyara masa zuwa Muhammad.

Akwai tambayar da dole ka yi wa yaron shago a kan kowane layi: yana raye? Mu ba mu yi ba a bugun farko. Kwana uku bayan rabo wani saurayi ya zo shagon kawu da takarda a hannu, ya gaishe shi, ya ce, "Baba Alhaji, an kawo wa mahaifinmu saƙonku. Ai kun zo ta'aziyya da azumi." Kawu ya rasa inda zai sa fuskarsa. A takardar har da "muna sa ran ganinku ranar kasuwa". Tun daga ranar ba na buga jerin da ba a bi shi layi-layi da baki ba, kuma duk kaka sai an sake.

Mataki na biyu: neman yarda

Lambar da mutum ya bayar don a kira shi idan iri ya iso, bai bayar don a riƙa aiko masa da talla ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, kuma dokar ta ba mutum damar cewa a daina amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Ko babu doka, mutunci ya isa. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambaya a bakin kanta lokacin ciniki: "Malam, in kayan rani sun sauka mu aiko muku da takarda?" Wanda ya ce to, a rubuta E a ginshiƙin Yarda. Wanda ya ce a'a, ko ya yi shiru irin na ƙin amsawa, a bar shi.

Mata kuwa, akwai masu sayen iri da taki da yawa ta hannun 'ya'yansu ko dillaliya, akwai masu sana'ar turara shinkafa da suke ciniki mai kauri. Amma takarda daga shagon namiji ɗauke da sunan matar aure, ta shiga gida ba sanarwa, tana iya tayar da ƙurar da ba ta da alaƙa da noma. Mu ta hannun shugabar ƙungiyarsu muke bi, ita take tambayo su, ita take raba musu.

Mataki na uku: raba mutane rukuni-rukuni

Kada ka zarce rukuni huɗu ko biyar, in ba haka ba kai da kanka za ka rikice. A yankinmu, inda ruwan madatsar Tiga yake ciyar da gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, rabon a bayyane yake: masu shinkafar damina, masu alkama, masu tumatir da albasa, sai waɗanda suka yi kaka biyu ba su leƙo ba. A Jigawa rabon zai sauya. Wajen Auyo da Haɗeja shinkafa da alkama ne a gaba, wajen Gumel da Maigatari kuma riɗi, zoɓo da gero.

Amfanin rabon shi ne lokaci. Alkama tana son sanyi, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ake shuka ta, don haka takardar mai alkama ta isa hannunsa a ƙarshen Oktoba, lokacin da kuɗin shinkafa ya fara shigowa aljihu. In ta je a Janairu, ta zama labari. Mai tumatir damuwarsa daban ce. Duk wanda ya ga abin da tsutsar nan da manoma suke kira Sharon ta yi wa gonaki a 2016, ba sai an yi masa dogon bayani a kan maganin feshi ba. Wanda ya sayi kamfa makonni uku da suka wuce kuma, lokacin yuriyarsa ya matso, kuma littafi ya riga ya gaya maka ranar da ya saya. Wannan ita ce takardar da ta fi kowace tasiri a wurinmu, domin tunatarwa ce ta abin da dama zai nema.

Rukunin waɗanda suka ɗauke ƙafa sai an yi taka-tsantsan. Wasu sun koma wani shago, wasu kunyar bashi ce ta hana su. A gaishe su, a ce an kwana biyu, a tsaya nan.

Mataki na huɗu: abin da za a rubuta

Gajere. Rabin waɗanda za su karɓa ɗansu ne zai karanta musu a zaure, da ƙarfi, gaban baƙi. Rubuta da wannan a ranka. Ga irin tamu:

"Assalamu alaikum, «Lakabi» «Suna», «Kauye». Muna gaisuwa da fatan an yi kaka lafiya. «Sako» Ku zo da wannan takarda, akwai ragi a kan kowane buhu har zuwa ƙarshen wata. Lamba: «Lamba»."

Duk abin da ke tsakanin alamomin « da » kwamfuta ce za ta cike shi. A ginshiƙin Sako kake rubuta jimlar kowane rukuni, ka kwafa ta zuwa duk layukansu. Mai alkama: "Irin alkama da kamfa sun sauka, gara a tanada kafin tsakiyar Nuwamba." Word yana da dabarar If...Then...Else da za ta zaɓi jimla da kanta, amma na fi son ginshiƙi, don ina ganin abin da kowa zai samu da idona. Kada jimlar ta haura haruffa 255, domin Word yakan datse abin da ya wuce haka idan yana jawowa daga Excel.

Abu uku ba sa hawa takardarmu. Na ɗaya bashi. Kawu ya so a ƙara layi mai cewa "saura naira kaza", na ce, "Kawu, ku dubi wanda zai karanta masa." Tona asirin magidanci a zaurensa ba ya dawo da kuɗi, gaba yake haifarwa. Haka mai kemis kada ya kuskura ya buga sunan ciwon mutum ko maganin da yake sha. Na biyu farashi, domin kuɗin buhun taki yana iya sauyawa tsakanin bugu da rabo, kuma manomi zai riƙe ka da abin da ka rubuta. Faɗi ragin, ka bar farashin. Na uku aya ko Bisimilla. Komai kyawun takarda wata rana za ta faɗi ƙasa, wata ma ta koma wurin mai ƙosai.

Mataki na biyar: haɗawa a Word

Takarda A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. In ka raba ta huɗu ka samu A6, milimita 105 da 148, daidai aljihun riga. Rim ɗaya mai takarda 500 zai ba ka kati 2,000 ke nan.

Rufe fayil ɗin Excel tukuna. A Word shiga Mailings, danna Start Mail Merge, zaɓi Labels, ka saita girma yadda shafi zai ɗauki gida huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Daga nan Select Recipients, sai Use an Existing List, ka nuna masa jerinka. A Edit Recipient List ka tace: Yarda ta zama E kawai. A nan kuma za ka jera su bisa Kauye, abin da zai sauƙaƙa maka rabo daga baya. Rubuta saƙon a gida na farko, kana sa kowane gurbi da Insert Merge Field. In ka gama, danna Update Labels, zai kwafa zuwa sauran gidaje ukun, ya sa musu alamar Next Record a farkonsu.

Wannan alamar ce take ce wa Word ya matsa zuwa mutum na gaba. In ka ga suna ɗaya ya fito sau huɗu a shafi, babu ita. In ka ga ana tsallake mutum a kowane shafi, ka sa ta a gida na farko ko ka ƙara wata a ƙarshe, alhali Word da kansa yake matsawa idan ya shiga sabon shafi.

Danna Preview Results ka duba, amma kada ka tsaya a mutum na farko. Nemo wanda sunansa ya fi na kowa tsawo, irin mai laƙabi biyu da ƙauye mai suna uku, ka ga ko ya tura layin ƙarshe waje. Nemo wanda ba shi da laƙabi ka ga ko an bar rami. Nemo mai ƙ ko ɗ a sunansa. Arial da Times New Roman na kwamfutocin yanzu suna da haruffanmu, amma yawancin rubutun ado da ake yi wa katin biki ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar sunan mutum. Masu aiki da CorelDRAW, in za ku fitar da jeri a matsayin CSV, ku zaɓi mai UTF-8, in ba haka ba lanƙwasar za ta koma alamar tambaya.

Ginshiƙin Rubutu na masu ajami ne. Dattawa da yawa da ba sa karanta boko suna karanta ajami tiryan-tiryan, kuma takarda da rubutun allo tana da wata kima a idonsu. Akwai salon rubutu na kyauta mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta yi bisa irin rubutun Kano. Sai dai kwamfuta ba za ta juya maka boko zuwa ajami ba. Dole a buɗe wasu ginshiƙai a rubuta suna da saƙo da ajami, a yi musu takardarsu daban, kuma wani alaramma ya duba wasulan kafin a buga. Mu mutum talatin da 'yan kai muka yi wa haka, ya ci mana yini guda.

A ƙarshe Finish & Merge, sai Edit Individual Documents. Kada ka tura kai tsaye zuwa firinta. Ajiye abin da ya fito a matsayin PDF, ka buga shafi biyu na gwaji, ka ba mai shago ya karanta da kansa.

Mataki na shida: bugu da yanka

Firinta mai tona, wato garin tawada, ta fi mai tawadar ruwa a wannan aiki. Katin zai sha gumi a aljihu, wani yayyafi ya taɓa shi, kuma tawadar ruwa takan zuba. Illar mai tona ita ce cin wuta lokacin da take ɗumama, ƙaramin janareta ko inbata yakan durƙusa. Shi ya sa nake buga ƙauye-ƙauye, shafi ashirin ko talatin a lokaci guda, in wuta ta ɗauke na san inda na tsaya.

In ana son kala, hanya mai araha ita ce a kai zanen bango cikin Kano a buga da yawa a babban inji, da tambarin shago da hoton buhu, a bar fili fari a tsakiya. Sai ka dawo ka bi ta kai da baƙin rubutu a taka firintar. Ka gwada takardar kafin ka biya, domin mai sheƙi sosai ba kowace firinta take kama ta ba. Takardar yau da kullum mai giram 80 ta yi laushi, kati mai giram 300 kuma ƙananan firintoci ba sa jan sa. Wani abu tsakanin 120 da 160 yakan wuce ta ƙofar da ake sa takarda da hannu, amma duba littafin injinka. Da damina a ajiye rim cikin ledarsa, ɗanyar takarda ita ce uwar maƙalewa. Da hunturu a kaɗa takardun kafin a sa, don suna mannewa da juna.

Bayan yanka, a ɗaure na kowane ƙauye da roba, a ɗora masa jerin sunaye da inkiya a sama. A ninke kowane kati a danne da sitefula yadda suna kaɗai zai fito.

Mataki na bakwai: rabo

Gidan waya ba ya kai wa ƙauyukanmu, don haka mutane ne hanya. Ɗan acaɓan da yake ɗan garin, shugaban ƙungiyar manoma, ko yaron shago ranar kasuwa. Mai shago a Wudil ya san Juma'a ce ranarsa, na Maigatari Alhamis. Wanda bai san mutanen ba kada a ba shi, komai arhar sa, zai zube su ne wurin mai shayi. Katin dagaci da na liman mai shago ya kai da hannunsa. Mai rabo ya yi alama a jerinsa kan duk wanda ya karɓa, ya kuma dawo da labari: wane ya ƙaura, wane ya bar noman tumatir, wane ya ce kada a sake. Duk wannan a shigar da shi Excel a daren, kafin a manta.

Mataki na takwas: ƙirga abin da ya dawo

Lambar da ke jikin kati ita ce ma'auninka. Kawu ya ajiye gwangwanin madara babba a ƙarƙashin kanta. Duk wanda ya zo da kati, a rubuta abin da ya saya a bayansa, a jefa ciki. Ƙarshen wata a juye, a buɗe sabon ginshiƙi, a yi wa kowace lamba alama. Lamba ɗaya ragi ɗaya, don haka ko an kai katin an yi hotonsa a wani shagon, na biyun ba zai wuce ba.

Akwai wayon da ya kamata ka yi tun kafin bugu. A kowane rukuni ware mutum ɗaya cikin goma, kada a aika musu komai. Dalili shi ne, da yawa cikin masu zuwa da kati dama za su zo. In cikin waɗanda aka aika wa da waɗanda ba a aika wa ba kason masu sayayya ya zo ɗaya, to ragi kawai ka raba, katin bai jawo kowa ba. In akwai tazara, ita za ka auna da kuɗin takarda, tona, man janareta, ladan mai rabo da ragin da aka yi. Kawu bai so wannan ba da farko, yana ganin an hana wasu alheri, sai da muka yi yarjejeniya cewa duk wanda ya zo cikinsu za a yi masa ragin a baki.

Saura jerin kansa. In a shagon wani aka buga maka, tsaya a kansa ya goge fayil ɗin daga kwamfutarsa, har da kwandon shara, ka tafi da naka a filashi. Sa wa Excel ɗin kalmar sirri. Gurɓatattun shafukan gwaji masu sunayen mutane a ƙone su, kada a sayar wa masu awo. Lokacin zaɓe kuma za a zo, domin jerin manoma ɗari uku da ƙauyukansu da lambobinsu abin nema ne. An zo wa kawu har sau biyu, da mota da alkawari. Ya ce musu littafin shago ne, kuma yaron da ya san kalmar sirrin ya tafi Dawanau sayo buhuna. Ina zaune a gefensa ina yanka katin masu albasa.